Loretta Mai Goshi

Loretta Sobczak ba ta son ƙwallo, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. A garinmu na bakin tabki kuwa, gara a ce mutum ya daina zuwa coci da a ce bai san da wa za mu kara ranar Lahadi ba. Ita abin da take gani a ƙwallon nan tamu ta Amurka bai wuce ƙarti sun kifa hulunan kwano suna danne juna a kan wata aba da ko zagaye ba ta yi ba, a ɗan yi gudu, a busa usur, kowa ya tsaya yana haki. Ta haura sittin da wannan ra'ayi, ba ta ga dalilin sake shi ba.

Tela ce. Shagonta na nan bayan cocin unguwar 'yan asalin Poland, inda aka haife ta, ɗan ƙuƙut, keken ɗinki biyu da madubi mai tsayi. Rabin amaren unguwar ita ta rage musu riga, rabin mamatanta ita ta gyara musu kwat ɗin shiga akwatin gawa. Mahaifinsu ya ƙare ƙarfinsa a bakin tanderun masana'antar ƙarfe, abin da ya bari kuma bai wuce gida ɗaya da kujeru biyu a filin wasa ba, can sama-sama inda iskar tabki take fara gaisawa da mutane. Irin kujerun nan gadonsu ake yi kamar gona. Da zai rasu sai ya sa su da sunan Loretta, don ita ce babba, don kuma ita kaɗai ce ba za ta yi faɗa a kansu ba.

Masu zama a kai su biyu ne. Akwai mijinta Walt, tsohon direban bas, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in yana tauna. Akwai ƙaninta Gene, da ya yi ritaya daga raba wasiƙu, mutum shiru-shiru, amma in ya kafe a kan magana sai dai a bar shi. Duk Lahadin da ake wasa a gida, da an fito daga coci sai su wuce filin ajiye motoci na filin wasa, su buɗe bayan mota, Gene ya hura gawayi ya gasa wa mutanen layinsu kilbasa, wato tsiran alade irin na 'yan Poland, a ci a sha a yi gardama kafin a shiga. Loretta kuma ta samu gida ita kaɗai, ta miƙe ƙafa. Shekara da shekaru haka ake yi, kowa ya samu abin da yake so.

Da matar Gene, Bernadette, ta rasu, sai ranar Lahadin ta tashi daga hutun Loretta ta koma abin da take dogara da shi. Ba su haihu ba, gidan ya yi masa girma. Ya daina zuwa aski sai an matsa, ya daina ɗaukar waya. Ƙwallo kaɗai ke fito da shi, ya yi wanka, ya ga mutane, ya ci abinci mai zafi. In Walt ya dawo da yamma, ba ta tambayarsa wa ya yi nasara, sai dai ta ce, “Gene ya ci wani abu?”

Ana nan ƙarshen hunturu sai labari ya fashe, wai ƙungiya ta yi musayar Brannigan. Shi ne mai jifanmu fiye da shekara goma, shi ake miƙa wa ƙwallo a kowane hari ya zaɓi wanda zai jefa wa, in an yi nasara tasa ce, in an faɗi ma tasa ce. Aka tura shi wata ƙungiya can yamma, aka karɓo wani yaro mai suna Rusk. Don a ƙara wa miki gishiri, sai aka ɗauki lambar rigar Brannigan, sha huɗu, aka ba yaron.

A kan Loretta abin ya fara sauka. Kowane namiji a garin nan yana da riga mai lamba sha huɗu, ba kuma mai son sayen sabuwa. Sai suka yi ta tururuwa zuwa shagonta, a warware sunan da ke baya a ɗinka na yaron. Da ajiyewa suke yi su tafi da sauƙi. Ina! Sai su tsaya, ɗan shagon ya cika da ƙarti da warin taba, amarya na bayan labule tana jira.

“Ƙafa fa, ƙafa!” in ji Lou Petrakis mai sayar da tayoyi, wanda kujerarsa ke bayan tasu Walt. “Yaron nan in suka taso masa sai ya zille ya ruga da kansa. Brannigan fa? Turke! A tsaye za su zo su same shi su kwantar.”

“Turken da ya kai mu wasan ƙarshe,” wani ya ce. “Kai ka taɓa ganin hannun Rusk? Ɗan mitsitsi. A kudu ya tashi, bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a hoto. Bari sanyi ya sauko ka ga yadda ƙwallo za ta riƙa suɓuce masa kamar sabulu.”

“To me ya kawo ka canza suna?”

“Matata ce ta ce in kawo.”

Loretta ta cire allura daga bakinta ta ce, “Duk wanda ya ajiye rigarsa, ga ƙofa nan. Ni ban san Rusk ba, ban san ubansa ba, haruffa huɗu na sani, kuma sun fi na wancan sauƙin ɗinki.”

Gardamar ta biyo ta har gida. Ranar Ista ta cika tebur da naman alade da pirogi, ƙullin fulawa mai dankali a ciki, ta yi murna Gene ya zo har da aski. Ba a gama addu'a ba Walt ya fara tsokana, irin wadda ya saba yi wa ƙanin matarsa tun suna samari.

“Yaushe za ka kawo taka rigar a gyara maka, ƙanena? Ko jira kake tsohon naka ya aiko maka da sandar dogarawa?”

“Da tsohuwar zuma ake magani,” in ji Gene, bai ɗago kai ba.

“Zumar da gwiwoyinta suka mutu? Bara sau nawa ya miƙa wa abokan gaba ƙwallo a hannu kamar mai rabon sadaka?”

“Wa ke tare masa? Su bar mutum a fili kamar marayan zakara, sannan a ce ya tsufa. Walt, mutumin nan da karyayyen haƙarƙari ya buga mana wasa. Cikin iskar tabki yake jifa ta tafi a miƙe. Yaronka gudu ya iya, to ya je ya yi tsere.”

“In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.”

Gene ya ajiye cokali. Muryarsa ta yi ƙasa, wadda Loretta ta sani tun yana yaro, ta kuma san ba alheri. “Mutum ya ba ku ƙuruciyarsa, rana ɗaya ku warware sunansa ku liƙa wani, ko lambar ba ku bari ta huce ba. Na rantse ba zan ƙara taka filin nan ba.” Ya tashi ya ɗauki hularsa. Ita kaɗai a teburin ta gane ba zancen Brannigan kaɗai yake yi ba, har da rashin Bernadette a ciki. Ta juya ta zabga wa mijinta harara, shi kuwa ya ce wasa fa yake yi.

Ta ɗauka kafin kaka, lokacin fara wasanni, zai huce, amma bai huce ba. Ana gobe wasan farko Walt ya fara kame-kame, wai tunda Gene ba zai je ba, surukin Lou na neman kujera. Loretta ta san halin wurin nan, wanda ya zauna sau ɗaya ya zama ɗan gida, raba shi da kujerar sai da rigima. Ta ce, “Kujerar ƙanina ba wanda zai ɗumama ta. Ni zan je in tsare masa.” Ta zura wata tsohuwar suwaita kore, ta bi shi tana tsaki.

Walt ne ya yi gashi ranar, ya ƙona kilbasar ƙurmus. Aka shiga, aka fara, ana ta cin mu. Loretta ta gaji da ihu a kunne, ta tashi ta tafi bayi. Tana can ta ji filin ya ɗauka kamar zai rushe. Ashe yaron ne ya zille wa mutum uku ya ruga da ƙwallo har ƙarshen fili ya ci mana. Kafin a tashi mun yi nasara.

Lahadin da ta biyo ta ce ta yi mai isarta. Walt ya dube ta kamar ta ce za ta ƙona gidan.

“Ba za ki je ba kamar yaya? Mun fa yi nasara!”

“Sai me?”

“Sai ba a taɓa komai! Ke ba a garin nan aka haife ki ba? Ina suwaitar?”

A garin nan aka haife ta, ta kuma san wannan hauka. Mahaifinta ya taɓa yin kaka guda bai wanke safarsa ba. In ana nasara, kowa zai zauna inda ya zauna, ya sa abin da ya sa, ya ci abin da ya ci, har ranar da aka faɗi. Likita da lauya da mai shara duk ɗaya suke a wannan, in ka yi musu dariya su ce su ma sun san camfi ne, amma dai kar a taɓa. Ta bi shi don a zauna lafiya. Aka sake yin nasara.

Shi ke nan, Loretta ta zama mai goshi. Lou ya koma kiranta “ranki ya daɗe”, yana share mata kujera da hularsa. Mutanen layin suka dage sai Walt ya ƙona kilbasa kamar ranar farko, su tauna gawayi suna yamutsa fuska, ba mai ƙorafi. Mafi cin rai, da an fara cin mu sai layin gaba ɗaya ya juyo.

“Ranki ya daɗe, a taimaka a je bayi.”

“Ba na ji!”

“Ko ba kya ji, don Allah. Ki ɗan tsaya a ciki kawai.”

Mace mai jikoki, ta tashi ta ratsa gwiwoyin mutane ana tafa mata, ta je ta tsaya gaban madubin bayi tana zagin kowa har da mahaifinta da ya bar mata kujerun. Ta gwada ɓata abin da gangan, ta sako jar suwaita maimakon kore. Aka yi nasarar da ta fi ta kullum. Daga ranar sai aka ce ta riƙa sa duka biyun, ja a kan kore. Takaici kamar ta haɗiyi zuciya.

Kujerar da ta je tsarewa kuwa, sai ga shi ita ce ta ƙwace ta. An fara raɗe-raɗi a layin, wai dama Gene farar ƙafa gare shi, ba ga shi ba, yana daina zuwa ƙungiya ta miƙe. Ta ji Lou na faɗa, ta ce masa in ya ƙara za ta ɗinke masa baki, kuma ba da zaren da ake warwarewa ba.

Sanyi na fara shigowa ta ɗauki tukunyar miya ta tafi gidan Gene. Labule a sauke da rana tsaka. Firij ba komai sai madarar da ta lalace. Idon tela ba ya ƙarya, wandonsa ya yi masa yawa, ya huda wa bel ɗinsa sabon rami da ƙusa. Tsoron da ta ji sai ya fito mata a faɗa.

“Kashe kanka za ka yi a kan wani ƙato da bai san kana duniya ba? Brannigan na can yana shan rana, kai kana nan kana bushewa!”

Gene ya yi ɗan murmushi. “Yaya, bar zancen Brannigan. Ina kallo a talabijin. Yaron nan ya iya.” Ya sosa ƙeya. “Kar ki gaya wa Walt. Jifansa bai kai na tsohon ba, har gobe, amma yana da ido, ga zuciya. Na yi masa rashin adalci.”

Daɗi ya kama ta. “To alhamdu lillahi! Ran Lahadi ka zo ka karɓi kujerarka, ni na huta da zaryar bayi.”

“A'a.”

“Rantsuwar? Ka je coci wurin Fada ya warware maka, aikinsa ne.”

“Ba rantsuwa ba ce.” Ya dube ta da gaske. “Muna nasara, Yaya. Tun zamanin Baba ba mu fara kaka haka ba. In na zo muka faɗi fa? Da wane ido zan kalli mutane?”

Ta zo da shirin yaƙi da taurin kai, sai ta tarar shi ma ya yarda farar ƙafar gare shi. Ta yi masifa, ta yi lallashi, ta haɗa shi da kabarin iyayensu. Ya sha miyar cokali kaɗan don ta ƙyale shi, ya raka ta ƙofa yana tuna mata kar ta manta da jar suwaitar. A mota ta gane hanya ɗaya ce ta rage. Sai ƙungiyar ta faɗi tana zaune a kujerar, goshin ya karye, sannan ƙaninta zai dawo cikin mutane.

Ƙungiyar kuwa ta ƙi faɗuwa. Aka yi ta tafiya har watan Disamba, har Lahadin da gari ya daɗe yana jira, ranar da Brannigan zai dawo da sabuwar ƙungiyarsa ya kara da mu. Loretta ta gaji da jira. Da safe ta bar Walt ya wuce da gawayinsa, ta je gidan Gene ta zauna daram a kujerar falo ta cire takalma.

“Yau a nan zan yi kallo,” ta ce. “In ba za ka je ba, ni ma ba inda za ni.”

Ba ta taɓa ganin Gene ya rikice haka ba. “Yau? Yau ɗin? Yaya, kin haukace? Tashi, don girman Allah!” Ya ɗauko mata takalman, ya durƙusa zai sa mata. Da ya ga bas zai makarar da ita, sai ya figi kwat da makulli, ya tura ta mota, ya ja da kansa. Tana ta mita a hanya, amma a ranta murna take. Ko ba komai ya fito.

Suna shiga filin motoci hira ta tsaya cak. Lou ya ja da baya da faranti a hannu.

“Gene! Lafiya? Ba dai shiga za ka yi ba?”

“Kwantar da hankalinka, kawo ta na yi. Ko daga mota ba zan sauko ba.”

Walt ya tsaya yana jujjuya abin gashi, kunya ta kama shi. Ya naɗo kilbasa a burodi ya miƙa ta taga. Gene ya gatsa, ya yamutsa fuska. “Wannan kuke ci duk kakar nan?” Walt ya ce ita suke ci. Suka yi dariya tare, karo na farko tun Ista, Gene ya cinye tas. Loretta ta kau da kai don kar a ga idonta.

Da ta kai saman matakala ta waiwaya. Motoci dubbai, ba kowa a cikinsu, sai ta Gene, yana ciki da gilashi a sauke cikin dusar ƙanƙara, don ya riƙa jin ihun mutane.

Ta zauna a kujerarsa, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta kalli wasan. Iska ta taso daga tabki tana yanka fuska. Rusk ya yi gudunsa, ya yi ƙoƙari, amma da ya jefa sai iska ta karkatar da ƙwallon. Tsohon kuwa ya tsaya a inda yake, gwiwoyi a ɗaure, yana jifa tana tafiya a miƙe. Loretta ta dunƙule hannu cikin suwaita biyu, ta yi addu'ar da ba ta yi irinta ba tun jinyar mahaifiyarta. Ya Ubangiji, ka kayar da mu. Sau ɗaya tak. Aka ce ta je bayi, ta je ba musu, don kar a ce ita ta ɓata, a can ma ta ci gaba da roƙo.

Saura ƙiris a tashi muna gaba da kaɗan, Brannigan ya ja da baya, ya ɗaga hannu ya saki wata doguwa. Ta ratsa iska ta sauka a hannun mutuminsa a can ƙarshen fili, suka ci mu, aka busa tashi. Filin ya yi tsit, har ana jin kaɗawar tuta. Walt ya rufe fuska da hula. Lou ya ce a hankali, “Goshin ya ƙare.” Loretta ta cije leɓe don kar guɗa ta suɓuce mata.

Ba ta jira kowa ba. Ta sauka matakalar nan da saurin da gwiwoyinta suka manta da shi, ta ratsa motoci tana haki, ta fizge ƙofar.

“Gene! Sun faɗi! Ina zaune, da suwaita biyu, har bayin na je, kuma sun faɗi! Kujerarka ta dawo!”

Kansa na kife a kan sitiyari. Da ya ɗago, fuskarsa sharkaf da hawaye.

“Ni na jawo,” ya ce. “Duk kakar nan ina gida muna nasara. Yau ɗaya na matso kusa. Ko shiga ban yi ba, Yaya, dubi abin da na yi wa mutane.”

Ta tsaya da ƙofar a hannu, dusar ƙanƙara na zuba a kanta. Sai ta daka masa tsawa.

“Ba kai ba ne, sakarai! Ni ce! Ni na roƙi Allah mu faɗi, tun daga busa ta farko nake roƙo, don ka dawo!”

Gene ya share hanci da bayan hannu, ya dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi ƙarya don ya faranta maka rai.

“Haba Yaya,” ya ce. “Ke da ko dokokin wasan ba ki sani ba.” Ya tayar da mota. “Rufe min ƙofa in tafi kafin su fito. Ki ce wa Walt ya yafe ni.”